Mutum 300 da suka tare rundunar Farisa: jarumta ce ko ganganci?

Ɗan_Pantami ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin tarihi ku taimaka min, wata gardama ce ta riƙe mu jiya a majalisarmu ta wajen mai shayi nan Pantami har kusan sha ɗayan dare, shi kanshi mai shayin sai da ya kashe risho ya jawo benci ya zauna yana saurare. Wani abokinmu ne ya nuna mana guntun wani fim a wayarshi, wai mutum 300 ne kacal daga wani gari na Girka suka tare rundunar sarkin Farisa da ta haura miliyan a wani lungu tsakanin dutse da teku, kwana uku ana gwabzawa, a ƙarshe aka kashe su dukka har da sarkinsu.

To mu dai muka rabu gida biyu. Wasu suka ce ƙaryar 'yan fim ce kawai, ta yaya mutum 300 za su tsaya gaban miliyan, ko tumaki ne ai sa tattake su. Wasu suka ce abin ya faru da gaske. Ni kuma abin da ya fi tsaya min a rai daban ne, an ce sarkin nan ya samu labari tun da asuba cewa an zagayo ta bayanshi, kuma yana da daman ya janye kaman yadda sauran suka janye, amma ya ƙi. Wallahi na kwana ina juya abin. Mutum yana da mata da ɗa ƙarami, yana da gari da yake mulki, ya san in ya tsaya mutuwa ce ba makawa, kuma ba shi kaɗai zai mutu ba har da 'ya'yan mutane da ya ɗebo. Shin wannan jarumta za a kira shi ko ganganci? Ai Hausawa ma sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa.

Tambayoyina biyu kenan, abin ya faru ko bai faru ba, in kuma ya faru me ya hana shi tafiya. Na gode.

Malamin_Bolari ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin ya faru, amma ba yadda aka nuna muku ba. Bari in ɗan ja zaren daga farko don ina koyar da tarihi a sakandare kuma wannan labarin yana cikin waɗanda nake so.

Yaƙin an yi shi a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a ƙarshen bazarar can, a wani wuri da ake kira Tamofilai. Ma'anar sunan ƙofofi masu zafi, saboda akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi a gindin tsaunin, wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari zai gane irin abin da ake nufi, sai dai nasu ya fi zafi kuma yana warin ƙibiritu. Gaba tsakanin Farisa da Girkawa kuwa ta girmi wannan ranar. Garuruwan Girkawa da ke gaɓar Turkiyya ta yau sun yi wa Sarki Dariyus na Farisa tawaye a 499 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Atina suka aika musu jiragen ruwa har aka ƙona birnin Sardis, mazaunin gwamnan Farisa a yankin. Dariyus ya aiko runduna don ya hukunta su, aka ci ta a Maraton a 490. Ya rasu a 486 bai rama ba, ɗansa Zaksis ya gaji sarauta ya gaji fushin. Shekaru ya yi yana shiri, ya sa aka jera jiragen ruwa aka ɗaɗɗaure aka yi gada a mashigin Dadanel rundunarsa ta tako ta kai daga Asiya zuwa Turai.

Maganar miliyan daga Hirodotus, marubucin tarihi na Girka, ta fito, shi ne ya rubuta labarin, ya ce dakarun ƙasa kaɗai miliyan 1 da dubu 700 ne. Masana na yanzu ba su yarda da wannan ba, don ruwan sha ma kaɗai ba zai ishi irin wannan taron ba, galibi suna sa adadin tsakanin dubu 100 zuwa dubu 300. Ko hakan ma ai ba wasa ba ne.

Su kuma Girkawa ba 300 ba ne. A kwana biyun farko sun kai wajen 7,000. Mutanen Sifarta ne 300, tare da sarkinsu Liyonidas, wanda a lokacin dattijo ne mai kusan shekara 60, ba saurayi mai ƙirar ɗan dambe ba. Akwai 400 daga Koranti, 500 daga Tejiya, 500 daga Mantiniya, 700 daga Tesfiya, 400 daga Tibis, 1,000 daga Fokis, da sauransu. Dalilin da ya sa Sifarta ta aiko kaɗan, lokacin bikin addininsu ne na Karniya wanda al'adarsu ta hana fita yaƙi a cikinsa, ga kuma wasannin Olamfik sun zo daidai. Aka ce sarki ya yi gaba da 'yan kaɗan, sauran za su biyo bayan biki. Kuma da zai zaɓi 300 ɗin, sai ya zaɓi waɗanda suke da 'ya'ya maza a raye, don kada gidan wani ya mutu. Ka riƙe wannan, yana da alaƙa da tambayarka ta biyu.

Sirrin abin yana wajen wurin ne. A wancan zamanin tsauni ne a gefe guda, teku a ɗaya gefen, tsakiyar inda suka ja daga faɗinsa bai wuce mita 15 ba, akwai ma inda amalanke ɗaya ce kawai za ta wuce. Ga wata tsohuwar ganuwa da suka gyara suka fake a bayanta. To ka ga a irin wannan wurin sarkin yawa bai fi sarkin ƙarfi ba, don ko kana da dubu ɗari, waɗanda za su iya fuskantar abokin gaba a lokaci ɗaya ba su wuce 'yan gomomi ba, sauran suna baya suna turereniya. Dawakan Farisa ba su da filin sukuwa. Sannan kayan yaƙi ba ɗaya ba, Bagirke yana da kwalkwali na tagulla da babbar garkuwa ta katako da aka lulluɓe da tagulla da mashi mai tsawon fiye da mita 2, suna jeruwa kafaɗa da kafaɗa garkuwar kowa tana rufe na kusa da shi. Bafarise kuma gwanin baka ne, garkuwarsa ta saƙa ce, mashinsa gajere. A fili mai faɗi zai gama da kai da kibau kafin ka iso shi, amma a lungu an raba shi da abin da ya iya.

Zaksis ya yi kwana huɗu yana jira ko za su tsorata su watse. Ya aika mahayi ya leƙo, ya dawo ya ce ya ga wasu suna motsa jiki wasu suna taje gashinsu. Wani tsohon sarkin Sifarta da aka tuɓe, Demaratus, yana tare da Zaksis, shi ya ce masa ai al'adarsu ce in za su shiga inda ba lallai su fito ba sai sun gyara gashi. Rana ta biyar aka fara. Aka turo Midiyawa, wata ƙabila ta daular Farisa, aka karkashe su, aka turo zaratan dogarawan sarki su 10,000 da ake wa laƙabi da marasa mutuwa don duk wanda ya faɗi nan take ake cike gurbinsa, su ma suka koma da asara. Sifartawa suna da wata dabara, sai su juya kamar sun karaya suna gudu, in an biyo su a warwatse da ihu sai su juyo gaba ɗaya. Washegari ma haka aka yi.

Daga nan sai abin da Bahaushe ya riga ya faɗa, da ɗan gari akan ci gari. Wani mutumin yankin mai suna Efiyaltis ya je wa Zaksis don kwaɗayin tukuici, ya ce akwai ɓarauniyar hanya ta kan tsauni da ke ɓullewa bayan Girkawa. Da magariba lokacin kunna fitila runduna ta kama hanyar, suka kwana suna hawa. Liyonidas ya san da hanyar, ya ajiye mutanen Fokis 1,000 a kai, amma ba su farga ba sai da suka ji ƙarar busassun ganye ƙarƙashin ƙafafu da asuba, aka yi musu ruwan kibau suka ja kan wani tudu suna shirin mutuwa, Farisawa kuwa ko kallonsu ba su sake yi ba suka wuce.

Rana ta uku ta yaƙin Liyonidas ya sallami mafi yawan rundunar. Da hantsi, lokacin da kasuwa take cika, aka fara, wannan karon suka fito daga bayan ganuwa zuwa inda ya fi faɗi. Masu suka kakkarye aka koma takobi. Liyonidas ya faɗi, aka yi ta ja-in-ja a kan gawarsa, sau huɗu suna kore Farisawa har suka janye ta. 'Yan'uwan Zaksis biyu sun mutu a wannan artabun. Da waɗanda suka zagayo suka iso, ragowar suka hau wani ɗan tudu, masu takobi da takobi, marasa shi da hannu da haƙori, har aka binne su da kibau. A 1939 wani masanin tono na Girka, Marinatos, ya haƙa tudun ya samu tarin kawunan kibau irin na gabas. Don haka ka gaya wa mutanen majalisa ba tatsuniya ba ce.

Yatsuna sun gaji, tambaya ta biyu na bar wa wani.

Ɗan_Pantami ya rubuta:

Kai Malam Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Wannan maganan zaɓan masu 'ya'ya ta ƙara rikita ni ma, kenan tun daga gida ya san ba zai dawo ba? In haka ne ai kaman ya tafi neman mutuwa ne ba neman nasara ba. Kuma shi munafikin nan me ya same shi daga baya?

Tsohon_Saje ya rubuta:

Yaro bari in amsa maka a matsayina na wanda ya ci shekara 22 yana sa kaki kafin in ajiye in dawo Tudun Wada.

Wanda bai taɓa ganin runduna tana ja da baya ba yana ɗauka abu ne mai sauƙi, a ce a juya kawai a tafi. Wallahi ba lokacin da soja ya fi mutuwa kamar lokacin da ya ba abokin gaba baya. Ka duba halin da suke ciki, mutum dubbai ne a ƙafa, kowa da garkuwa mai nauyi da sulke, sun yi kwana biyu suna yaƙi ga masu rauni, da zarar sun fita daga lungun nan fili ne, kuma Farisa tana da barade a kan dawakai. In duka suka tashi lokaci guda, kafin azahar an cim musu a hanya an yanka su kamar kaji. Dole wani ya tsaya ya toshe ƙofa na wasu awowi, kuma wanda zai tsaya ya san ba zai fita ba. Mu a aiki mun san wannan, ana barin 'yan kaɗan su riƙe wuta sauran su zame, kuma ba a ba ragwaye wannan aikin. To wa zai tsaya? Liyonidas shi ne shugaban rundunar gaba ɗaya. In ya ce ku mutanen gari kaza ku tsaya ku mutu ni zan tafi da nawa, ranar ƙawancen Girkawa ya watse, don dama da ƙyar aka haɗa su, garuruwa da yawa sun riga sun miƙa wuya ga Zaksis. Mutum dubbai sun koma gida da rai saboda tsayuwarsa, kuma garuruwan da suka fito su ne suka sake ba da mayaƙa shekara mai zuwa. Wannan ba ganganci ba ne, lissafi ne.

Akwai wasu dalilan da ake kawowa. An ce bokayen Delfi, wani wurin tsafin Girkawa, sun gaya wa Sifartawa ko dai garinku ya faɗi ko sarkinku ya mutu, kuma mutanen nan sun yarda da bokayensu ƙwarai, to mai yiwuwa abin yana ransa tun daga gida kamar yadda ka ce. Sannan tarbiyyarsu, tun yaro yana shekara 7 ake raba shi da uwarsa a kai shi horo, abin kunya mafi girma a garin shi ne ka dawo abokanka ba su dawo ba. Biyu daga cikin 300 ɗin ciwon ido ya kama su aka sallame su. Ɗaya, Yuritus, da ya ji an zagayo sai ya sa bawansa ya ja shi zuwa fagen fama yana makaho ya mutu a can. Ɗayan, Aristodimus, ya koma gida, aka daina yi masa magana, ko wuta ba mai ɗebar masa, ana kiransa matsoraci. Shekara ɗaya ya yi cikin wannan ƙuncin, a yaƙin Filatiya, inda Girkawa suka sake gamuwa da Farisa, ya fice daga sahu ya afka cikin Farisawa har aka kashe shi, kuma duk da haka suka ƙi karrama shi wai neman mutuwa ya je yi. Ka ga kenan su kansu sun bambanta mai neman mutuwa da mai tsayawa a sahu.

Amma ni inda nake ganin laifin Liyonidas daban ne, kuma ba na ɓoyewa. Ya san da hanyar tsaunin nan, ya san ita ce kaɗai lagonsa, amma ya bar ta a hannun mutanen da har abokin gaba ya iso kansu ba su sa kayan yaƙi ba. Ina 'yan sintiri? Me ya hana ya cire ko mutum ashirin daga cikin gogaggunsa ya sa su jagoranci wurin? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Da an riƙe hanyar nan ko na yini ɗaya da labarin ya canza.

Shi kuwa Efiyaltis guduwa ya yi, aka sa kuɗi a kansa, bayan shekaru wani ya kashe shi kan wata rigima tasu daban. Har yau a yaren Girka sunansa shi ne kalmar mugun mafarki.

Maman_Ihsan ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari Malam da Baba Saje. Ni abin da yake ci min rai duk lokacin da aka tada wannan labarin shi ne yadda kowa yake cewa 300, 300, har kan maganar nan ma haka aka rubuta. Ranar ƙarshen nan ba Sifartawa kaɗai suka tsaya ba fa. Mutanen Tesfiya 700 sun tsaya tare da shugabansu Demofilus, an ce su tafi suka ƙi, kuma an kashe su a kan tudu ɗaya da Sifartawan. Sun ninka su fiye da biyu.

Ku duba bambancin don Allah. Basifarte ba ya noma ba ya kasuwa, tun yana yaro yaƙi aka koya masa, doka ta hana shi gudu, in ya koma gida ma rayuwar ta fi mutuwa ɗaci kamar yadda Baba ya faɗa. Sifarta kuma tana can kudu nesa, tana da dubban mayaƙa a gida, 300 ɗin wani yanki ne kawai. Su kuwa na Tesfiya manoma ne da masu sana'a da suka ɗauki garkuwa don yaƙi ya zo ƙofa, ba wata doka da ta ɗaure su, da sun tafi ba mai zaginsu tunda sarki da kansa ya sallami mutane. Garinsu ƙarami ne, 700 ɗin nan kusan duk mazajen da ke da kayan yaƙi kenan. Ni uwa ce, ina tunanin gari guda a wayi gari kusan kowane gida akwai takaba. Bayan haka Farisawa suka zo suka ƙona garin, mata da yara suka yi gudun hijira kudu. Kuma shekara mai zuwa ragowar mazansu 1,800 suka sake fitowa Filatiya ba su da ko sulke. Idan ana neman jarumta ni a nan na gan ta.

Amma kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. An gina wa Liyonidas babban mutum-mutumi a wurin a 1955, su kuwa sai 1997 aka tuna aka yi musu nasu a gefe.

Akwai ma waɗanda suka fi su shiga duhu, bayin gandun Sifarta da ake kira helot. Su ke noma abin da Sifartawa suke ci, su ke ɗaukar musu kaya zuwa yaƙi, kuma Hirodotus da kansa ya ce akwai gawarwakinsu a filin. Ba wanda ya tambaye su ko suna son tsayawa, ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya. Shi ya sa in na ji ana cewa an yi yaƙin ne don 'yanci nakan tambaya, 'yancin wa? Mutanen Tibis 400 su ma sun tsaya, an ce daga baya sun miƙa wuya aka yi musu tambarin sarki a jiki da wuta, ko da yake wasu marubutan Girka na baya sun ce ƙiyayya ce ta sa aka ɓata musu suna.

Ɗalibin_Kashere ya rubuta:

Anti kin taɓo inda nake so. Ni kuma bari in ce wani abu game da Farisawan, don yadda ake nuna su a finafinai kamar wasu dodanni abin yana ɓata min rai, yaranmu suna kallo suna tafa wa ɓangare ɗaya ba su san komai ba.

Daular Farisa a lokacin ita ce mafi girma da duniya ta taɓa gani, daga Masar har bakin kogin Indus. Suna da gwamnoni a larduna, suna da babbar hanya daga Sardis zuwa Susa mai tsawon fiye da kilomita 2,000 da zango-zango inda manzanni ke canza doki. Shi Zaksis jikan Sairus ne ta wajen uwa, Sairus ɗin da ya ci Babila a 539 ya bar Yahudawan da aka kwaso suka koma ƙasarsu. Ba ina wanke Zaksis ba ne, ya zo cin ƙasar mutane ne, kuma abin da ya yi wa gawar Liyonidas, ya sa aka sare kai aka tsire, abin kunya ne, Hirodotus ma ya yi mamaki don ya ce Farisawa sun fi kowa girmama jarumin abokin gaba. Amma mu sani duk labarin nan daga bakin ɓangare ɗaya muka ji shi. Hirodotus Bagirke ne, yana ɗan shekara huɗu ko makamancin haka aka yi yaƙin, ya tattara ne daga bakin mutane shekaru da yawa bayan nan. Kuma Girkawa da yawa suna cikin rundunar Zaksis, har sarauniyar garin su Hirodotus ɗin, Atimisiya, da jiragenta ta yi yaƙi a ɓangaren Farisa. Garuruwan da aka rubuta sunansu a ginshiƙin da Girkawa suka kafa bayan nasara 31 ne kawai, ginshiƙin yana Istanbul yanzu.

Sannan kada a manta Tamofilai faɗuwa ce. Zaksis ya wuce, ya shiga Atina ya ƙona ta. Abin da ya ceci Girkawa yaƙin ruwa ne na Salamis bayan 'yan makonni, da dabarar Temistokilis jagoran Atina, sai Filatiya a 479 inda aka kashe Mardoniyus, kwamandan rundunar Farisa. Da an ci su a waɗannan biyun, ina tabbatar muku da yau ba mai zama wajen mai shayi a Gombe yana gardama kan Liyonidas.

Na_Bajoga ya rubuta:

Na karanta duka tun daga sama, na ƙaru sosai, amma jama'a zuciyata ta yi nauyi. Muna Gombe muna lissafa sunayen mutanen da suka mutu shekara 2,500 a wata nahiya, alhali namu yana nan a Funakaye, kusa da mu nan Bajoga. Ɗan Pantami, a majalisarku mutum nawa ne suka san Burmi, ko Mbormi kamar yadda muke faɗa?

Bayan Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya bai yarda ya zauna ƙarƙashinsu ba, ya ɗauki tuta ya yi gabas da niyyar hijira. Duk inda ya ratsa mutane suna barin gonakinsu da gidajensu suna bin sa, malamai da sarakuna da talakawa da mata da yara. Turawa suka biyo shi. A watan Mayu sun zo Burmi aka kore su suka koma da raunuka. Suka sake shiri suka dawo ranar 27 ga Yuli 1903 da igwa da bindiga mai ruwa, mutanenmu kuma mafi yawa kwari da baka ne da mashi da takobi. Tun kafin azahar ake yi har yamma. Shugaban rundunar Turawan, Manjo Mash, kibiya mai dafi ta kashe shi a wurin. Sarkin Musulmi ya yi shahada, ɗaruruwan mutane suka faɗi tare da shi, gawarwaki a kan gawarwaki kewaye da inda yake. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'a har Sudan, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana nan da sunansa har gobe.

Ba ina cewa abu ɗaya ne da na Girkawa ba, niyya ta bambanta, su don garinsu da dokarsu, namu don addini da ƙin zama ƙarƙashin Nasara, kuma tun a lokacin malamai sun yi saɓani, Waziri Buhari da wasu suka ga maslaha ita ce a zauna a riƙe jama'a. Kenan tambayar da ka yi, jarumta ko ganganci, kakanninmu sun yi ta a kan kansu da hawaye. Abin da ɗalibin Kashere ya faɗa shi ne ya taɓa ni. Su bayan tasu faɗuwar nasara ta biyo, sai suka samu bakin yin waƙa da kafa dutse da rubutu. Mu bayan tamu shekara 57 na mulkin mallaka ne ya biyo, wanda ya ci mu shi ya riƙe alƙalami.

Na je wurin da babana ina ɗan aji biyu a sakandare. Da damina ne, gero ya kai ƙugu, muka ajiye mashin muka taka. Wani dattijo da ke noma kusa ya ajiye fartanya ya raka mu, ya nuna mana kabarin Sarkin Musulmi, ya nuna mana na Baturen can gefe. Babana ya cire takalmi ya tsuguna yana addu'a, na ga hawaye yana bin gemunsa, ban taɓa ganin ya yi kuka ba kafin ranar. Ba kowa a wurin sai mu uku da kukan tsuntsaye.

Malamin_Bolari ya rubuta:

Na Bajoga ka yi gaskiya kuma ka sa na ji kunya ta gaske, shekara goma sha ɗaya ina koyarwa ban taɓa kai ɗalibaina wurin ba, a allo kawai nake rubuta musu kwanan wata. In Allah ya yarda zangon karatu mai zuwa zan nemi izinin shugaban makaranta da iyaye mu yi hayar bas.

Ɗan_Pantami ya rubuta:

Wallahi na rasa bakin godiya. Baba Saje ka gamsar da ni a kan tsayuwan, ban taɓa tunanin maganan dawakai da masu ja da baya ba, na janye kalman ganganci. Anti Maman Ihsan kin yi gaskiya, ni na rubuta 300 a sama, yau da dare in na je majalisa da mutanen Tesfiya zan fara. Maganan bayin nan kuma har yanzu tana damuna, ban san inda zan ajiye ta ba.

Yaya na Bajoga, amsan tambayarka ita ce a cikinmu mu tara mutum biyu ne suka taɓa jin sunan Burmi, na tura musu a WhatsApp yanzu na tambaya, kuma ni ba na cikin biyun. An haife ni a Gombe, na sha wucewa ta Bajoga zuwa Ashaka. Mu huɗu mun yanke ran Asabar za mu shigo motan safe daga tasha. In mun sauka Bajoga ana samun 'yan acaɓa da suka san wurin, ko sai mun nemi ɗan rakiya? Kuma yanzu da ruwa ya sauka hanyan tana biyuwa?

Na_Bajoga ya rubuta:

Ku taho kawai ƙanena, in kun sauka ku yi min magana ta akwatin saƙo ni zan raka ku da kaina, akwai mashin biyu a gida. Ku fito da wuri kafin rana ta yi zafi, ku riƙo ruwan sha, kuma ku sa takalmin da ba kwa jin tausayinsa don akwai taɓo.